Sudan Babu Kowa

Dar Salam, Omdurman
Disamba, 2022

Yaya Balarabe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti Nana da abin da take ɗauke da shi. Allah ya raba su lafiya. Ka gaishe min da Hajiya da duk mutanen Maigatari idan ka je. Mu nan alhamdu lillahi. Sukarin Baba yana hawa yana sauka, amma tunda a kantin magani nake aiki, allurarsa ba ta yankewa. Mahaifiyata Yumma gwiwa ce ke damunta. Yayana Muntasir yana nan a garejinsu na Shajara, sai ranar Juma'a muke ganinsa.

Ka ga har yau ina riƙe da sharaɗinka. Da hannu nake rubutawa, sannan in ɗauki hoton takardar in turo maka. Ka ce idan na saki biro haruffa masu lanƙwasa za su gudu daga hannuna, kuma gaskiyarka ne, domin a nan ba ni da wanda zan rubuta wa Hausa sai kai. Jiya Yumma ta tuna ranar da ka fara zuwa gidanmu, ɗalibi daga Najeriya yana yawo a raksha mai taya uku yana tambayar zuriyar ƙanen kakansa da ya tafi Makka a ƙasa bai koma ba. Ta ce har yau tana jin kunyar yadda ta bar ka tsaye a rana, ta ɗauka ɗan haraji ne.

Aikin kundin ilimi na intanet da ka dasa ni a kai yana tafiya. Bayan shafin agashe da na godo-godo, kunun geron nan namu, na gama na tsintar auduga a Jazira, da na kambo, wato unguwannin leburori a gefen gonaki inda aka haifi Baba. Wani edita ya sa alama yana neman madogara, na sa littattafan nan biyu da ka turo, ya cire. Yanzu muna kan babban, hanyar alhazai ta ƙasa. Bayan la'asar Baba yakan zauna a angarib ɗinsa, gadon nan na igiya, in ajiye waya kusa da bakinsa tana ɗauka, yana faɗin abin da iyayensa suka gaya masa. Ni kuma in saurara a cikin mota tsakanin Dar Salam da Sahafa inda nake aiki, in rubuta. Mun kawo kakanninmu har bakin iyakar Darfur.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Baba ya ji na ce binciken digirinka a kan masu karanta kundin ne, kana gwada abin da masu Hausa ke karantawa da na masu Larabci da Faransanci da sauransu, kuma masu kundin suna ba ku adadi ƙasa-ƙasa. Tun daga ranar bai bar ni na huta ba. Ya ce, “Tambayi ɗan'uwanki, mutanenmu na nan suna karantawa?” Na ce masa Baba, yawancinsu ba su san boko ba. Ya ce yaran yanzu duk sun san haruffan Turawa a waya, idan suka haɗa za su ji maganar kakanninsu ce. Ya ce mutanen Najeriya suna da masu ba su tarihinsu, shi don yaran Mayo da Sinnar da Gadarif yake ɓata yawunsa, waɗanda ake kira da sunan baƙi a ƙasar da aka binne kakanninsu, har suna jin kunyar amsa gaisuwa da Hausa a cikin mota.

Don Allah ka duba mana. Ko kaɗan ne ka faɗa, zai ji daɗi.

Ƙanwarka,
Ni'mat Hamuda

*

Zariya
Janairu, 2023

Ƙanwata Ni'mat,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na yi murna da jin kuna lafiya. Ki gaishe da Baba Hamuda da kyau, ki ce ɗansa yana kewar jabanar la'asar, kofin nan mai citta da babu irinsa a nan. Ki gaishe da Yumma, ki ce mata na yafe tsayuwar rana tun ranar da ta ba ni kisra da miyar kuɓewa. Hajiya tana amsawa.

Rubutunki ya yi kyau ƙwarai. Kuskure ɗaya na gani, kin bar ƙugiya a kan “ƙasa” wuri guda, ya koma “kasa”. Ban da shi babu.

Ki yi haƙuri, a gurguje nake rubutun nan. Nana ba ta jin daɗi, ƙafafunta sun kumbura, likita ya ce a riƙa kai ta awo akai-akai, ga malamina yana jiran babi na uku.

Na duba miki abin da kika tambaya. A cikin shafukanki na agashe ne ya fito. Najeriya ce kan gaba da nisa, sai Nijar, sai Ghana kaɗan. Sauran shafukan ba su fito ba tukuna. Sudan kuwa babu kowa a ciki.

Ku ci gaba da hanyar alhazai, ina ɗokin in karanta. Idan kin gama ki turo min kafin ki ɗora, akwai wani littafi a laburarenmu da zai yi miki madogara.

Yayanki,
Balarabe

*

Dar Salam
Fabrairu, 2023

Yaya Balarabe,

Sallama da gaisuwa. Ina fata jikin Anti Nana ya yi sauƙi, kullum tana cikin addu'ar Yumma. Ta ce a gaya mata ta rage gishiri, ta riƙa ɗora ƙafa a kan matashi. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara shigowa da wuri, da wuta da ake ɗaukewa. Na gyara ƙugiyar da ka ce. Muntasir ya ce a gaishe ka.

Yaya, na karanta wa Baba takardarka. Da na sani da na fara karantawa ni kaɗai, amma ta shigo ranar Juma'a muna zaune gaba ɗaya, shi kuma da ya ji daga gare ka ne ya ce in ɗaga murya. Ya yi dariya wajen jabana. Da na zo kan agashe ya ce, “Mutanen gida nama kawai suka sani.” Sai na karanta layin Sudan.

Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, “Ko ɗaya?” Na ce haka ka rubuta.

Muntasir yana wanke hannu a bakin tulu, ya ce da Larabci, ai ya sha gaya mana, wa zai bar Larabci ya zauna yana harhaɗa haruffa don ya karanta labarin leburanci? Ya ce mutane so suke su manta da kambo, mu kuma muna rubuta musu shi a intanet. Yumma ta tsawata masa. Baba ya jima yana kallon ƙafarsa, sannan ya ce, “Ba laifin yaran ba ne. Mu ne muka makara.”

Washegari bayan la'asar na kawo waya na ajiye kamar kullum. Ya ture ta da bayan hannu, a hankali, ba da faɗa ba. Ya ce, “Ɗauke, Ni'mat. Ki huta da wahalar mota.” Na ce Baba, ai mutanen Najeriya da Nijar suna karantawa. Ya ce Allah ya yi musu albarka, amma ba da su yake magana ba. Tun daga ranar bai sake ba ni ko kalma ɗaya ba. Kakanninmu suna nan tsaye a bakin iyakar Darfur inda muka bar su. Yanzu idan ya idar da la'asar sai ya ɗauki rediyonsa ya fita ƙofar gida.

Ni ma abin ya tsaya min. Ni kaina nakan buɗe shafukan nan don in ga yadda suka zauna. Abokiyar aikina Mayada, wadda uwarta Bahaushiya ce, na nuna mata na godo-godo ta buɗe a wayarta a gabana. Mu ba mutane ba ne? Ko dai na'urarku tana ganin duk wanda ke Sudan Balarabe ne, ba irin sunanka ba, irin na gaske, don haka ba ta ƙirga shi a Hausa? Ban gane ba. Kai da ka zauna a cikinmu ka ci abincinmu, yadda ka rubuta layin nan kamar kana faɗin farashin albasa, shi ya fi yi min ciwo.

Idan gaskiya ce, to, gaskiya ce. Amma ka faɗa min yadda aka yi.

Ni'mat

*

Zariya
Maris, 2023, farkon azumi

Ƙanwata Ni'mat,

Assalamu alaikum, barkanmu da shan ruwa. Allah ya sauki Nana, an samu namiji, mun sa masa Zainul'abidin. Sai da aka yi mata aiki, ta zubar da jini da yawa, mun daɗe a asibiti. Yanzu tana tashi tana zama. Ki gaya wa Yumma addu'arta ta karɓu.

Takardarki hoto biyu ce. A barandar asibiti na buɗe na farko, na ga gaisuwa da maganar gishiri, na ce zan karanta sauran idan hankalina ya dawo. Sai shekaranjiya na buɗe na biyu. Na kasa cin abincin buɗa-baki.

Ni'mat, ba abin da nake nufi ke nan ba. Na rubuta muku da harshen da muke yi da abokan aiki, na manta ba ku san yadda bayanan suke ba. Bari in faɗa dalla-dalla, ki karanta wa Baba.

Masu kundin suna iya sanin daga wace ƙasa aka buɗe shafi. Amma ba sa ba mu abin yadda yake, domin kada wani ya bi sawu ya gano mutum. Ki ɗauka shafi ne a kan wata cuta da ake jin kunyarta, ko wata ƙungiya da hukuma ba ta so, kuma mutum uku ne kacal suka buɗe shi a ƙasa guda, cikin harshen da 'yan tsiraru ke yi. Wanda ya san garin zai iya nuna gidajensu. Saboda haka kafin su saki adadi sukan yi masa ɗan ƙari ko ragi da gangan, yadda babu mai iya rantsuwa cewa wane yana ciki. Idan adadin ya yi ƙanƙanta kuma, ba sa sakinsa sam. Shi ya sa na ce sauran shafukanki ba su fito ba. Sannan akwai ƙasashen da ake cire su ɗungurungum, inda ake tsoron abin da mutum ya karanta zai iya jawo masa kamu. A bayanan da ke hannuna Sudan tana cikin waɗannan. Ba Hausa kaɗai ba, har Larabci da Turanci, babu layin Sudan ko ɗaya. Kamar a share tsakar gida ne bayan baƙi sun tashi. Rashin sawu ba ya nuna ba a zo ba.

Don haka ke da Mayada an ƙirga ku, ba a nuna min ba ne. Ko ku biyu ne, ko ɗari biyu, ban sani ba, kuma ba zan yi wa Baba ƙarya in ce na sani ba. Abin da na sani shi ne “babu kowa” kuskuren bakina ne.

Ki ba shi haƙuri a madadina. Ki ce ɗansa ya yi wauta. Idan ya yarda zan kira ranar Juma'a in faɗa masa da bakina. Don Allah ku koma kan hanyar nan, kada ku bar su a bakin iyaka.

Yayanki mai neman afuwa,
Balarabe

*

Zariya
Mayu, 2023

Ni'mat,

Ina fata wannan ta same ku da rai da lafiya. Tun ranar da aka fara harbe-harbe a Khartoum nake kiran layinki da na Muntasir, ba ya shiga. Saƙonnina suna nan da alama ɗaya. Hajiya ba ta barci. Nana tana tambayarku kullum.

Ɗalibanmu da aka kwaso ta iyakar Masar sun fara isowa. Na je Kano na samu wasu da na sani tun ina can. Duk wanda na tambaya sai ya ce shi a Khartoum yake, bai san halin da Omdurman ke ciki ba, an rufe gadoji. Ɗaya ya ce ya ga kasuwar Sahafa tana hayaƙi. Ina fata ba ki wurin aiki a ranar.

Yaya allurar Baba? Idan akwai hanyar da zan aiko da wani abu, ko ta hannun wa, ki faɗa min.

Ban samu amsar takardata ta azumi ba. Na ga alamar an buɗe ta. Idan fushi kike, kina da gaskiya, ki ci gaba da shi har ki gaji, amma ki turo ko kalma ɗaya in san kuna numfashi.

Balarabe

*

Sawra, arewacin Omdurman
Afrilu, 2024

Yaya Balarabe,

Assalamu alaikum. Muna da rai, ni da Yumma. Muntasir yana Masar. Baba ya rasu tun cikin damina. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka gaya wa Hajiya da mutanen Maigatari su yi masa addu'a.

Muna zaune a wata makaranta da aka mayar wurin 'yan gudun hijira. Abinci daga takiyya muke karɓa, tukunyar unguwa da ake dafa wa kowa. Ina taimaka wa wata likita da rabon magani. Wani mai shago yana da intanet na tauraro, a wurinsa na samu na buɗe akwatin saƙona, na tarar da takardunka. Barka da samun Zainul'abidin. Yanzu ya isa tafiya ke nan.

Takardarka ta azumi ta same ni. A cikin mota na karanta ta, muna kan gada. Zan gaya maka gaskiya, ba ta sanyaya min rai ba a lokacin. Na ce a zuciyata, wato don a kare mu sai a share mu? A takardun ƙasar nan an saba tsallake mu, yanzu a intanet ma an tsallake mu, kuma ana cewa alheri aka yi mana. Sannan ina zargin lallashi kake yi. Na ce zan bari sai ranar sallah, kowa ya taru, in karanta ta a gaban Muntasir don ya ji kunyar abin da ya faɗa. Ka ga, ba don Baba na ajiye ta ba, don in ci Muntasir da gardama ne. Kafin sallar ta zo aka fara yaƙi.

Unguwarmu ta faɗa hannun masu bindiga. Allurar da na ɗebo ta kai mu wani lokaci, amma babu wuta, babu firji, muna sa ta a jiƙaƙƙen tsumma a gindin tulu. Da ta ƙare na fita nema har kasuwar Suk Libya. A kowace kwana akwai shinge, kuma abin da suke fara cewa shi ne kawo waya. A gabana suka tsare wani saurayi ɗan layinmu saboda abin da suka gani ya buɗe a wayarsa, taswira ce da wani labari. Har muka bar unguwar bai dawo ba. Wata mata suka ji saƙon murya da harshen da ba su sani ba, suka ce 'yar leƙen asiri ce, ta faɗi wanda take yi wa aiki. Ina cikin layi, tsakanina da su mutum kaɗan. Wayata cike take da muryar Baba yana Hausa, yana ambaton sunayen garuruwa da rijiyoyi da iyakoki. Yaya, da yatsana na goge su. Duka. Har da takardunka. Da aka zo kaina yaron da ke shingen ya duba ya miƙo min, bai ma daɗe ba.

A ranar na gane abin da kake faɗa. Da a ce akwai inda aka rubuta wane ya karanta mene a Dar Salam, da ba na son ya faɗa hannun yaran nan. Amma ganewar ba ta dawo min da komai ba.

Da jikin Baba ya yi tsanani na zauna kusa da shi na faɗa masa bayaninka da ka, iyakar abin da na riƙe. Ya saurara idonsa a rufe. Ya ce, “Ke nan suna nan?” Na ce, “Ban sani ba, Baba. Shi ma Yaya bai sani ba. An dai ɓoye su ne.” Sai ya ce, “Ɓoyayye ai ba matacce ba ne. Me ya sa ba ki faɗa min tun da wuri ba?” Sannan ya ce gobe in kawo waya. Ban gaya masa babu caji ba, ban gaya masa na goge na baya ba. Washegari na kawo biro da kwalin magani. Ya fara, amma maganar ba ta haɗuwa. Yana cikin Darfur sai ya koma gonar auduga, yana kiran mutanen da ban sani ba. Bayan kwanaki kaɗan ya cika. A wani fili bayan masallaci aka binne shi, maƙabarta ba ta shiguwa.

Kada ka ɗora wa kanka kai kaɗai. Kai layi ɗaya ka rubuta cikin gaggawa. Ni makonni na riƙe bayaninka, maganin damuwarsa, a jaka, yana zaune a ƙofar gida da rediyo, da lafiyarsa da hankalinsa.

Ƙanwarka,
Ni'mat

*

Zariya
Mayu, 2024

Ƙanwata Ni'mat,

Allah ya ji ƙan Baba Hamuda, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ku haƙuri. Ki riƙe min hannun Yumma ki yi mata ta'aziyya. Mun yi masa sadaka a nan, a Maigatari ma an taru an yi addu'a. Na gode wa Allah da ya bar min ku.

Na karanta takardarki sau da yawa. Ba zan yi miki gardama kan rabon laifi ba. Mutumin nan ya karɓe ni ba tare da ya tambayi shaida ba, daga na faɗi sunan kakana ya ce a shimfiɗa min tabarma. Abin da na saka masa da shi ke nan.

Na kare digirin. A wurin kariya wani malami ya tambaye ni me ya sa taswirata take da farin fili a gabas da Chadi, alhali an san akwai Hausawa da yawa a can. Na ba shi amsar da ke cikin littafi, ya gamsu. Ni ne na ƙara sakin layi a ƙarshen babin, na gargaɗi duk mai amfani da bayanan nan kada ya karanta farin fili a matsayin sifili.

Akwai wani lissafi da zan iya yi miki idan kina so. Jimillar duk masu buɗe shafi ba a ɓoye take ba. Idan na cire na ƙasashen da aka nuna, akwai ragowa. A cikinta akwai Sudan, akwai wasu ƙasashe, akwai ƙarin da aka zuba da gangan, ba za a iya rabe su ba. Amma ragowa ce, ba sifili ba. Na yi na shafin kambo, ban turo ba sai kin ce.

Wani abu kuma. Da na kai labarin rasuwar Maigatari, yayar mahaifina, Gwaggo Lauratu, ta yi kuka sosai, ita da ba ta taɓa ganinsa ba. Ashe tana ƙarama aka yi rakiyar kakanku. Ta ce ta tuna jakinsu, ta tuna kakarku ta cire mata awarwaro ta ba ta a bakin gari. Ban taɓa tambayarta ba. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi. Ina so in koma in zauna da ita idan aiki ya yi sauƙi, wataƙila hutun ƙarshen shekara.

Ki faɗa min abin da kuke buƙata.

Yayanki,
Balarabe

*

Dar Salam
Yuni, 2025

Yaya Balarabe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da Anti Nana, da Zainul'abidin, da Hajiya. Ka yi haƙuri da dogon shiru. Shagon intanet ɗin an rufe shi, sannan Yumma ta yi zazzaɓi mai tsanani, ni ma na kwanta bayanta. Yanzu mun warware. Abin da ka aiko ta hannun ɗan kasuwar nan ya iso, Allah ya saka.

Mun dawo gida. An cire ƙofofi da tagogi da kwanon ɗaki ɗaya, amma bango yana tsaye. Maƙwabta suna dawowa ɗaya-ɗaya. Na je filin bayan masallaci. Kaburbura sun yi yawa, sai da limamin ya nuna min, shi ma da “ina jin nan ne”. Na yi addu'a a wurin, na yi wa na gefensa duka.

Barka da digiri. Lissafin ragowar nan, ka bar shi a wurinka. Wanda ya yi tambayar ba ya nan, ni kuma idan ka ba ni adadi zan zauna ina raba shi, ina cewa wannan na Sinnar ne, wannan na Gadarif, alhali wataƙila iska ce. A bar su a ɓoye. Wasunsu ma yanzu ban san a wace ƙasa za a ƙirga su ba. Muntasir da kansa, idan ya buɗe, mutumin Masar ne. Kwanaki ya kira, yana ta kame-kame, daga ƙarshe ya tambaye ni sunan kambon da aka haifi Baba, 'yarsa ce aka tambaya a makaranta daga ina suke. Na faɗa masa.

Na buɗe shafin hanyar alhazai inda na ajiye shi ban ɗora ba. Abin da na riga na rubuta yana nan. Na gwada ci gaba daga abin da ke kan kwalin maganin, ba ya karantuwa a matsayin labari. Zan ɗora shi yadda yake, rabi.

Ba ka sake ambaton Gwaggo Lauratu ba a gajerun saƙonninka, don haka na san hutun ya zo ya wuce ba ka je ba. Idan tana da rai, Yaya, ka ajiye aikin nan ka tafi cikin makon nan. Kada ka jira sallah. Ka ɗauki muryarta, ka turo min, ka kuma ajiye a wuri biyu. Kada ka yi mata alkawarin masu karatu. Ka je da hantsi kafin ta gaji, ka tambaye ta kalar zanen kakata, da abin da aka ce a bakin gari, da wanda ya juya baya ya fara komawa. Idan ta maimaita abin da ta riga ta faɗa, ka ƙyale ta ta kai ƙarshe. Ni nakan katse Baba in ce ai mun rubuta wannan, sai ya yi murmushi ya tsallake.

Yumma tana kirana, mai gyaran ƙofa ya iso. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Ni'mat Hamuda